Waya Mai Sili Ɗaya a Gidan Malam Yero

Ƙofar Kibo,
Birnin Zazzau.

Zuwa ga ɗana Nuhu,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga mahaifinka. Ina roƙon Allah Ya sa jirgi ya sauke ka Gusau lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin wuta da sharrin mutane, da sharrin zuciyarka kuma, wadda na san irin tawa ce.

Kwana uku kafin tafiyarka na fara rubuta wannan takarda. Na cusa ta a ƙasan akwatin kayan aikinka, don na san nan ne kaɗai innarka ba ta kai hannu. Ba labarin gida ke cikinta ba. Akwai maganar da na haɗiye shekara shida ke nan, kuma ranar Asabar, in Allah Ya kai mu, zan je in amayar da ita a gaban waɗanda ta shafa. Faɗarta na iya raba ka da wannan aiki da ka samu. Shi ya sa na ga bai kamata ka ji ta a bakin wani ba.

Na san ka fito makarantar koyon sana'a da takardar shaida, ka iya lissafin da ni sai na haɗa da yatsun ƙafa. Na ga yadda kake danne dariya in na ce waya mai sili ɗaya, mai sili uku, mai sili bakwai, ku da kuke kiransu da lambobin Turawa. Ba komai. Lissafin naka daidai ne, ka riƙe shi: ka tara ƙarfin ƙwayayen fitilar da za su hau layi, ka duba wayar da za ta iya ɗaukarsu. Ni ma an koya mini haka lokacin da nake riƙe wa wani tsani. Amma duk ɓarnar da na yi a wannan sana'a, babu wadda na yi saboda rashin sanin lissafi. Ga su nan zan jera maka yadda suka faru.

Ta farko abin dariya ce, har yanzu abokaina na tsokanata da ita. Sa'ad da aka fara shigo da lantarki cikin ganuwa, wani mai ɗinkin riguna, Malam Tanko, ya kira ni in sa masa. Gidansa dogo ne siriri, rumfunan maɗinka a jere, ɗakin tsohuwarsa a can ƙurya. Na ƙirga ƙwai goma, manya, don masu aikin allura suna son haske. Na duba na ga sili ɗaya za ta ɗauka, ko da yake da ƙyar. Tsawon gidan kuwa ban auna ba, na dube shi da ido kawai na ce ya yi. Da magariba aka taru aka kunna. Na zaure ya haska tas, na tsakiya ya rage, na ɗakin tsohuwa kuwa ya yi ja kamar garwashi. Tsohuwar ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗan nan, fitilar taka ba ta da lafiya ne? Ku kunno mini aci-balbal in duba ta." Maɗinka suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Kwana biyu na yi ina kwance abin da na ɗaura.

Saboda haka ka sani nisa ma kaya ne. Wutar da ke isowa gidajen talakawa dama a gajiye take zuwa, siririyar waya kuma tana shanye ta a hanya. Kada ka yarda da ido. Ka taka da ƙafarka ko ka ja igiya, tun daga mita har ƙwan ƙarshe, in tafiyar ta yi tsawo ka hau zuwa mai sili uku ko da lissafin ƙwai ya ce ɗaya ta isa. Ka duba kuma inda wayar za ta kwanta. Wadda aka binne cikin ƙasar gini, ko aka bi da ita ƙarƙashin kwano, ko tsakanin azara, ba ta shan iska, zafinta a jikinta yake zama, robar da ke kanta ta bushe ta tsattsage. Irin wannan ba a ɗora mata abin da littafi ya ce, ana rage mata. Wannan kuskure bai ci kowa ba sai ni, da ma duk sauran haka suka tsaya.

Ka san gidan marigayi Malam Yero. A zaurensa na yi karatu, a gaban mahaifinsa kakanka ya yi nasa. Da wuta ta iso unguwarsu na je da kaina na ce zan sa masa, don neman albarka. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ɗaki nawa ne za a sa wa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Balarabe, ana ƙirga iyali ne? 'Yan ɗakuna ne. Sa ɗaya nan zaure, ɗaya a ɗakin littattafai, biyu a ciki. Ya isa."

Ka san mutanenmu. Dattijo ba ya faɗin yawan 'ya'yansa, balle ya tsaya yana lissafa ɗakunan matan gida a gaban ɗalibinsa. Ni ma na sani. Na san ƙannensa uku da iyalansu duk a gidan suke, na ga yawan akusan tuwon da ke fitowa zaure. Amma in sake tambaya bayan ya ba ni amsa, sai na ji kamar na ƙaryata shi. Na ce to, na tashi.

Ranar aikin aka tattara mata a wani sashe, aka yi mini iso. Na shiga kaina a sunkuye, idona bai wuce yatsun ƙafata ba. Ban ga yawan ƙofofi ba, ban ga filin da ba a gine ba tukuna, ban ga inda gidan ya ƙare ba. Na ja waya mai sili ɗaya daga mita a zaure, na ratsa shigifa, na bi da ita ta cikin azarar ɗakin littattafai, na sauke ta a ɗakunan nan biyu, na fito da sauri kamar wanda ya yi sata. Ƙwai huɗu a kan sili ɗaya, ko Baturen da ke duba aiki ba zai ce na yi laifi ba.

Sai dai gidan birni ba ya tsayawa inda ka bar shi. A gida irin wannan ba zai yiwu sashe ɗaya ya yi haske sauran su zauna a duhu ba, za a ce Malam ya nuna bambanci. Babban ɗansa, Malam Sani, wanda yake akawu, ya sayo wayar nan mai murɗi a Sabon Gari, ya riƙa ja daga wannan ƙwai zuwa wancan. Aka yi wa samari biyu aure, aka gina ɗakuna, aka ja musu. Maƙwabci ya roƙi ƙwai ɗaya don zaurensa, Malam kuwa bai iya cewa a'a ba, aka tsallaka katanga da ita. Malam Sani ya kawo dutsen guga na lantarki saboda fararen kayansa na ofis, ya kawo butar shayi, duk a gindin ƙwan fitila ake maƙala su. Dutsen guga ɗaya kuwa ya kai ƙwai goma ci. Wannan kaya duka a wuyan siririyar wayata ya rataya, ita kuma tana kwance a cikin azara a saman littattafai.

To, ka ji. In ka je gida, kada ka yi wa gidan da ka gani aiki, ka yi wa gidan da zai zama. Ka dubi samarin da ke zaune a zaure ba su yi aure ba, kowanne ɗaki ne nan gaba. Kada ka tambayi maigida yawan mutanensa, ba zai faɗa ba, kuma kai ne za ka zama marar kunya. Ƙofofi za ka tambaya. In ba a shiga, ka nemi tsohuwar gidan, ka ba ta igiya da tsakuwa cikin ƙoƙo, ka ce ta ajiye tsakuwa ɗaya a gefe duk ƙofar da ta wuce, ta ƙulla igiyar a inda gidan ya ƙare. Tsofaffi suna jin daɗin irin wannan aike, kuma ba sa kuskure. Daga baya haka na riƙa yi, ban taɓa samun wanda ya ji haushi ba. Sannan ka raba gidan layi biyu ko uku, kowanne da fis ɗinsa, wato siririyar wayar da ke yankewa in kaya ya yi yawa, kada fitilu su wuce goma a layi. Wayar da za ta fito daga mita ta shiga gida kada ta gaza mai sili uku, ko da ƙwai biyu aka ce maka. Guga da buta kuwa ka ja musu tasu dabam mai sili bakwai, ka gaya wa masu gida da bakinka cewa gindin ƙwai na ƙwai ne kawai.

Har zuwa nan zan iya cewa kunya ce ta ja mini, kuma ba ni kaɗai ke da laifi ba. Daga nan zuwa gaba nawa ne ni ɗaya.

Fis ya fara yankewa. Aka aiko, na je na sa sabo. Bayan 'yan kwanaki ya sake, na koma. A karo na uku na tarar da zaure cike da ɗalibai, Malam yana ba da karatu. Malam Sani yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce, yadda kowa zai ji, "Malam Balarabe, ko dai aikin nan ya fi ƙarfinka ne? In haka ne ka faɗa, akwai masu yi a Sabon Gari."

Ka san zuciyata. Na hau tsani, na ɗora hannu a kan wayar da ta fito daga mita, na ji ta da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Wallahi a wannan lokacin na san komai. Na san kaya ya yi mata yawa, na san fis ɗin aikinsa yake yi, na san maganin shi ne in sauko in ce a kashe wuta, a bar ni in shiga in ƙirga, in fasa bango in sake waya tun daga tushe. Amma faɗin haka a gaban ɗalibai yana nufin aikina na farko bai yi ba, yana nufin kuma abin da Malam ya gaya mini bai cika ba. Ga Sani tsaye yana jira. Sai na ɗauko wayar fis na ninka ta uku, na murɗe, na ɗaura. Na sauko na kakkaɓe hannu na ce, "Ba za ta ƙara yankewa ba." Malam ya ɗaga kai daga littafi ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Balarabe." Na ce amin, na fita ina jin na rama.

Nuhu, girman fis wayar da ke bayansa yake bi. Ba ya bin fushin maigida, ba ya bin gajiyarka da zirga-zirga. An yi shi siriri ne da gangan don ya riga wayar mutuwa. In ya yanke sau ɗaya ka sa sabo. In ya yanke sau biyu kada ka taɓa shi sai ka gano abin da aka ƙara a layin. Duk wanda ya yi maka gori a kan haka, ka bar shi ya yi, ka tattara kayanka in ya ƙi a gyara. Za ka ji ciwon gorin kwana biyu ko uku, sannan ya wuce.

Wata biyar ba a sake kirana ba. Ranar wata Juma'a ce abin ya faru, da rana tsaka. Ɗakunan ciki ba su da taga, fitilunsu a kunne suke wuni, ga guga ana ta yi tun safe saboda kayan masallaci, maza sun gama nasu sun fita, mata sun ci gaba da na yara. Muna fitowa daga masallaci muka hango hayaƙi. Kafin a tara guga da tulu, rufin ɗakin littattafai ya rufta. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma littattafan sun tafi. Rubutun hannun kakan Malam, da na mahaifinsa, da waɗanda aka kwafo daga garuruwa masu nisa aka ɗauko a kan jakuna, kowanne cikin gafakarsa. Na ga Malam Yero zaune a ƙasa cikin toka da rigarsa ta Juma'a, yana tsintar guntayen takarda yana karanta rabin layi, yana ajiyewa a cinyarsa. Bai yi kuka ba.

Ɗakin da ke manne da na littattafai na yayarsa ne, Gwaggo Hassu. Ba lalle ka tuna ta ba, kana makaranta lokacin. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ta dawo gidan ubanta tana kaɗin auduga. Tana fama da ciwon gwiwa, shi ya sa kullum da kaskon wuta a ɗakinta, rani da damina. Ban san wanda ya fara faɗa ba, sai dai na ji ana cewa kaskon Gwaggo ne. Aka fito da ita gaban jama'a. Ta ce, "Ni na kashe shi tun da hantsi." Ta dubi mutane, sannan ta ce a hankali, "Ko ban kashe ba?" Tsufa ya fara taɓa ta, ba ta yarda da tunaninta ba. Ganin ta yi shakka, kowa ya tabbatar.

Washegari aka ce in zo in cire sauran waya kada ta kama wani. Na hau abin da ya rage na bangon. A cikin wata azara da ta ƙone rabi na sami wayata, jan ƙarfen ya narke ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, itacen ya ci daga ciki zuwa waje, daidai inda na bi da ita. Na leƙa ɗakin Gwaggo, daga sama wuta ta shigar mata, ƙasan bangonta ko baƙi bai yi ba. Duk wanda ya san aikin nan kallo ɗaya ya ishe shi. Na yanke guntun da filaya, na sa a aljihu, a hanyar gida na jefa shi kududdufi.

Kafin in fita Malam ya kira ni. Mu biyu ne kawai a zaure. Ya ce, "Balarabe, ba daga wutarka ba ne ko? Ka gaya mini, ba don in riƙe ka ba. So nake in sani."

Na ce, "Allah gafarta Malam, fis bai yanke ba. Da daga waya ne da ya yanke."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, haka Allah Ya so."

Ka ga yadda na yi. Ban faɗi kalmar ƙarya a farkon maganar ba, fis bai yanke ba da gaske, ni ne na hana shi. Ya buɗe mini ƙofa da hannunsa, ya ce ba zai riƙe ni ba, na ƙi shiga. Tsoro na ji. Na ji tsoron a ce ɗan gidan Malam ne ya ƙone littattafan Malam, na ji tsoron kada wani ya sake ba ni aiki a birnin nan, na ji tsoron fuskar Sani. Na gaya wa kaina tsohuwa ce, 'yar gida ce, ba abin da za a yi mata.

Ba a yi mata komai ba kuwa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. An dai ɗauke kaskon daga ɗakinta. In ta shigo tsakar gida sai hira ta tsaya. In ta nufi murhu sai wata ta yi sauri ta ce, "Gwaggo, bari in ɗebo miki." Ni kuma aka sake ba ni aikin gidan, na raba shi layi huɗu, na sa waya mai kauri, har ana nuna aikin ana yabona. Ina cikin wannan aiki ne ta tattara 'yan kayanta za ta koma ƙauyen dangin mijinta, can bayan Kufena. Ta same ni a shigifa ina kan tsani. Ta ce, "Balarabe, kai Malam yana jin maganarka. Ka roƙa mini gafara wajen ɗan'uwana, ni na kasa haɗa ido da shi. Littattafan ubanmu ne." Na ce, "To, Gwaggo." Ta sa mini albarka ta wuce, ni kuwa na ci gaba da ɗaure waya.

Malam bai ƙara zama daidai ba. Ya ci gaba da karantarwa da ka, in ya kai wani wuri sai ya miƙa hannu gefe inda littafin yake zama, sannan ya janye. Manyan ɗalibai suka riƙa komawa wasu zauruka. Bayan shekara biyu ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Har ya bar duniya yana ganin yayarsa ce, yana kuma yi mini addu'a duk sa'ad da na gaishe shi. Wannan addu'a ta fi kowane zagi yi mini ciwo.

Nasihar da ke kan wannan ba ta waya ba ce, amma in babu ita sauran ba su da amfani. A sana'armu aikinka yana ɓoye cikin bango, masu gida ba su san bambancin sili ɗaya da bakwai ba, abin da ka ce shi ne. In wani abu ya faru kai kaɗai za ka iya karanta abin da tokar ta nuna. Za ka yi kuskure, ba wanda ba ya yi. Ranar da ka yi, ka faɗa a ranar, kafin a nemo wanda ba shi da bakin kare kansa a ɗora masa. Ni na ce sai gobe, na ce sai an gama gini, na ce sai Malam ya ɗan warware, har aka binne shi.

Yanzu ga abin da ya shafe ka. Ka san Malam Sani ne ya rubuta takardar da ta sama maka aikin Gusau. Ya rubuta ta ne don yana ganina mutumin da ya gyara musu gida bayan gobara, har ya taɓa ba ni haƙuri a kan gorin da ya yi mini. Makon jiya wata mai kawo daddawa daga ƙauyen ta gaya wa innarka cewa Gwaggo Hassu ta kwanta, ba ta tashi. Ta ce shekara shida ke nan Gwaggo ba ta yarda a shigar mata da ko garwashi ɗaya ɗaki ba, gwiwoyin sun kumbura sun sandare, in an matsa mata sai ta ce ita da wuta sun rabu. Ta ce kullum maganarta ɗaya, me za ta ce wa ubanta da ƙanenta in ta same su.

Da na ji haka na zaunar da innarka na gaya mata duka. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Malam, ka yi shiru shekara shida, ka ƙara wata shida mana. Bari yaron nan ya zauna da gindinsa a wajen aikin tukuna."

Na ce, "Gwaggo ba ta da wata shida."

Ta ce, "To shi me ya yi?"

Kai take nufi, Nuhu. Ba ka yi komai ba. Ta yi kuka, kuma tana da gaskiya. Na auna aikinka da kwanakin da suka rage wa tsohuwar nan, na zaɓi tsohuwar, ban kuma shawarce ka ba, don na ji tsoron in ka ce in jira zan jira. Iyakar abin da na iya yi maka shi ne na bari ka hau jirgi tukuna, kada ka tsaya a unguwa ana nuna ka.

Ranar Asabar da safe zan fara da Malam Sani, a zauren ubansa, a gaban ƙannen Malam da suka rage. Zan faɗi ninkin fis ɗin, zan faɗi abin da na gani a azara da inda na jefa shi. Zan roƙe shi ya bi ni ƙauyen, don in ni kaɗai na je za ta ɗauka lallashinta nake yi. Ban san abin da zai yi ba. Mutum ne mai zafi, kamar ni. Yana iya rubuta wata takardar ta bi bayan ta farko. In haka ta faru aka sallame ka, kada ka yi musu, kada ka zagi gidan Malam Yero ko a zuciyarka. Ka dawo gida, ko ka nemi wani garin, hannunka yana da sana'a kuma ta fi tawa tsabta. In an tambaye ka ko kai ɗan Balarabe mai waya ne, ba zan tilasta maka amsa ba. In ka ji haushina ka ji, haƙƙinka ne, ba zan ce ka yi rashin ladabi ba.

Abin da nake roƙo wajen Allah yanzu ɗaya ne, in same ta da rai kuma da hankalinta. Maganar da zan gaya mata ba ta da tsawo. Zan durƙusa in ce, Gwaggo, kin kashe kaskonki tun da hantsi, kamar yadda kika faɗa da farko. Sannan in roƙi a kawo mata wuta ta ji ɗumi.

Ka yafe mini abin da wannan zai ja maka. Ban iya faɗa maka ido da ido ba, na sake yin rashin ƙarfin hali, amma wannan karon kwana uku kawai na jinkirta.

Allah Ya tsare hannunka da ƙafarka a kan tsani. Allah Ya sa duk gidan da ka sa wa haske mutanensa su kwana lafiya su tashi lafiya. Allah Ya jiƙan Malam Yero, Ya ba Gwaggo Hassu sauƙi, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Da innarka ta san da wannan takarda, da ta gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. In ka ga dama ka rubuto, in ba ka iya ba tukuna zan jira.

Wassalam.

Mahaifinka,
Balarabe